DOKTA FALCONER, BATUREN DA YA KARANTA DUWATSUN AREWA

Wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, wajen tashar jirgi ta Kaduna Janshin da Kakuri da Barnawa, ya shiga yankin da Ma'aikatar Binciken Duwatsu ta Nijeriya ta yi shekaru masu yawa da hedkwatarta. Can aka riƙa kai dutsen da aka tsinta a gona aka rasa kansa, can aka riƙa auna ƙasar da aka haƙo daga rijiya, can kuma aka zana taswirorin da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Yanzu babban ofishin ya koma Abuja, amma ɗakunan gwaji suna nan Kaduna. Mutane da yawa sun san wurin, amma kaɗan ne suka san wanda ya aza harsashin aikin. Sunansa Dokta John Downie Falconer. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihinsa, musamman malaman makaranta da akawuna, domin abin da ya gano ya shafi rijiyar ƙauye, da kuzar Jos, da duwatsun Hamada, har da girgizar ƙasa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haife shi cikin shekarar 1876 a Sikotilan, ƙasar da ke arewacin Ingila. Ƙasa ce mai tuddai da duwatsu, ta kuwa yi suna wajen fid da masanan wannan fanni. Daga babban birninta, Edinbara, James Hutton ya fito, wanda ya mutu cikin 1797, wanda kuma Turawa ke ɗauka shi ne uban ilmin duwatsu na zamani. Abin da Hutton ya koyar ba shi da wuyar ganewa. Ruwan sama da kogi da zafi da sanyi, waɗanda mu ke ganin aikinsu yau, su ne suka sassaƙa tudu da kwari, sai dai a hankali, cikin zamani mai tsawon da hankali ba ya iya riƙewa.

A wannan makaranta Falconer ya tashi. Ya yi karatu a Jami'ar Edinbara, ya zama mataimakin Farfesa James Geikie, babban malamin duwatsu na wurin. Binciken da ya fara yin suna da shi a kan tuddan Bathgate ne, yamma da Edinbara, waɗanda ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne. Watau tun yana saurayi idonsa ya saba da irin dutsen da ya taɓa zama narkakke, ya huce ya daskare. Wannan sani ya yi masa rana da ya zo ƙasarmu.

SHEKARA BIYAR BISA DOKI

Cikin 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Shekara ta zagayo, cikin 1904, aka kafa ƙungiyar binciken ma'adinai ta Nijeriya ta Arewa, a ƙarƙashin wata ma'aikata ta Landan mai suna Imperial Institute, wadda aikinta shi ne auna albarkatun ƙasashen da Ingila ke mulki. Aka ba Falconer shugabancin ƙungiyar, bai ko cika shekara 30 ba. Akwai irinta a Kudu, ita ce ta gano kwal a wajen Udi cikin 1909, abin da ya zama sanadin kafa garin Inugu.

Sai mai karatu ya tuna yadda Arewa ta ke a lokacin. Gwamna Lugga yana Zungeru, ba a kafa Kaduna ba tukuna. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911. Babu titin mota, babu taswirar kirki. Tafiya sai ta ruwa, ko bisa doki, ko a ƙasa, 'yan dako na biye da kaya a ka. Kayan aikinsa kuwa ba su da yawa: guduma, da kamfas, da ɗan madubin ƙara girman abu, da littafin rubutu. Daga 1904 zuwa 1909, shi da mataimakinsa Arthur Longbottom suka bi kwarin Binuwai da na Gongola, suka hau tudun Bauci, suka shiga Barno har Tabkin Cadi, suka ratsa ƙasar Hausa har Sakkwato. Duk inda kogi ya yanke gaɓa, ko masu haƙar rijiya suka tara ƙasa, ya kan tsaya ya duba, ya fasa, ya rubuta. Abin da ya tara a kan aika da shi Landan a gwada.

Kada a zaci ƙasa ya tarar wadda mutanenta ba su san abin da ke cikinta ba. Maƙera sun san inda tama ta ke tun zamanin da a ke narkar da ita a gindin Dala. Fatake sun san kanwar Barno, da gishirin Awe da Keana, da tozalin kwarin Binuwai. Mutanen Riruwai kuwa sun daɗe suna wanke kuza a rafi, su narke ta, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, a kai kasuwa a shafe tasoshin tagulla da ita. Abin da Falconer ya ƙara shi ne haɗa waɗannan sani da ke warwatse a taswira guda, da neman dalilin da ya sa a ke samun abu kaza nan, ba a samunsa can.

Cikin 1911 ya fid da littattafai biyu. Ɗaya labarin tafiyarsa ne bisa doki, na karatun kowa da kowa. Ɗayan kuwa, wanda ya fi muhimmanci, bayani ne a kan duwatsu da yanayin ƙasar Nijeriya ta Arewa, da taswira. Longbottom bai ga fitowarsa ba, don ya riga ya mutu, amma an sa abin da ya rubuta a ciki.

TSOHON DUTSE DA SABON DUTSE

Abu na fari da littafin ya kafa shi ne wannan. Akwai dutsen nan mai tauri mai ɗigo-ɗigo wanda a ke fasawa a yi tsakuwar titi, Turawa na kiransa giranit. Asalinsa narkakken dutse ne da ya huce a cikin ƙasa. Ga idon mai wucewa duk ɗaya ne, amma Falconer ya lura iri biyu ne. Akwai wanda ya cuɗanya da tsohon gindin ƙasar, ya sha matsa da murɗa tare da shi. Akwai kuma wanda ya huda wannan gindi daga baya, ya tsaya da iyakarsa a fili kamar an yanka da wuƙa. Ya kira na farin Tsohon Giranit, na biyun Sabon Giranit, kuma har yau da waɗannan sunaye masana ke aiki.

Kufena ta Zariya, da Kwatarkwashi, da duwatsun Kajuru kudu da Kaduna, tsoho ne. Duwatsun Jos da Shere, da Kudaru, da Kagoro, da Riruwai, sabo ne. Amfanin bambancin kuwa a aljihu ya ke, domin kuza tare da sabon ta ke. Idan dutsen ya ruɓe, ruwa ya kan kwashe ɓarɓashinsa, kuza kuwa da ya ke tana da nauyi sai ta kwanta a gindin rafi. Saboda haka wanda ya san inda Sabon Giranit ya ke, ya san rafin da zai wanke.

A zamaninsa babu hanyar auna shekarun dutse. Da aka sami na'urorin yin haka, sai awo ya gaskata idonsa. Tsohon ya kai wajen shekara miliyan 600, sabon kuwa na Nijeriya tsakanin miliyan 140 ne da ɗan abin da ya haura miliyan 200. Waɗanda suka gaje shi, Jacobson da MacLeod da Black, sun nuna cikin 1958 cewa Sabon Giranit a zobe-zobe ya ke, domin saiwoyin manyan duwatsu ne masu aman wuta waɗanda kawunansu suka zaizaye. A Nijeriya akwai wajen 50. Jerin kuwa bai tsaya a kan iyaka ba. Ya miƙe arewa ta Damagaram har cikin Hamada, tafiyar wajen mil 800, zuwa duwatsun Azbin, inda dutsen Bagazam ya ke, wanda a ke kiran dawakin nan na ƙwarai da sunansa. Na Azbin sun fi tsufa, sun haura shekara miliyan 400, kuma ana gangarowa kudu shekarunsu na raguwa. Ashe baƙaƙen duwatsun da ayarin Agadas ke ratsawa da tuddan da Kogin Kaduna ke ɓuɓɓugowa dangi ne.

YADDA DUTSE KE TSIRA A FILI

Abu na biyu shi ne wanda ya kai sunansa ƙasashen waje. Kowa ya san yadda dutse kamar Zuma ko Kufena ke tashi shi kaɗai a tsakiyar fili, sumul kamar an kifa ƙwarya. Kowa kuma ya ga manyan duwatsu an ɗora wani bisa wani, kamar na Riyom, har yara su tambayi wanda ya jera su. Irinsu suna da yawa a Hamada, da Afirka ta Gabas, da Ostireliya. Waɗansu masanan Jamus na lokacin sun ɗauka aikin sahara ne, watau iska da rairayi da zafin rana suka cinye abin da ke kewaye suka bar su tsaye.

Falconer ya kawo wani bayani dabam, ya ce a ƙarƙashin ƙasa aka fara sassaƙa su. Ruwan sama ya kan nutse cikin ƙasa ya bi tsagogin dutse, ya ruɓar da shi sannu a hankali har ya zama yumɓu da yashi. Amma ruɓewar ba daidai ta ke tafiya ba. Inda dutsen ke da tsaga da yawa ta kan yi zurfi, inda ya ke curi guda mai tauri sai ta kewaye shi. Bayan zamani mai tsawo, idan ƙasar ta ɗaga, koguna suka sami gangara, sai su kwashe ruɓaɓɓen su bar mai taurin a tsaye. Duwatsun da mu ke gani a ɗore kuwa, a haka su ke tun suna binne. Ƙasar da ke tsakaninsu ce ta tafi. Masana da yawa na yau sun karɓi wannan bayani, suna kuma lissafa shi cikin waɗanda suka fara kawo shi.

Wannan magana ba ta ɗakin karatu kaɗai ba ce. A ƙasashen Zazzau da Kano da kudancin Katsina, inda gindin ƙasa tsohon dutse ne, ruwan rijiya cikin wannan ruɓaɓɓen dutse ya ke zama, da cikin tsagogi. Shi ya sa a kan haƙa rijiya a wannan unguwa a sami ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata a ci karo da fa, kuɗin jama'a su tafi a banza. Duk akawun da ya taɓa rubuta takardar biyan kuɗin rijiyar da ba ta ba da ruwa ba, ya san nauyin wannan magana.

TEKU A GONGOLA DA SAKKWATO

Abu na uku, ya nuna ba duk Arewa ce ke bisa tsohon dutse ba. A Sakkwato, da Barno, da kwarin Binuwai da Gongola, akwai duwatsu masu hawa-hawa waɗanda ruwa ya shimfiɗa: dutsen yashi, da laka, da farar ƙasa. Shi ya sa wa dutsen yashin Gongola sunan Dutsen Bima, sunan da ya bi shi har yau. Cikin waɗannan shimfiɗu suka tsinci katantanwa da kumba irin na teku waɗanda suka zama dutse, aka kai wa Henry Woods na Jami'ar Kambirij, ya yi bayaninsu a ƙarshen littafin. Ma'anar abin ita ce, teku ta taɓa kwanciya inda a ke noman dawa yanzu. Farar ƙasar da a ke yin siminti da ita a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, abin da tekun ta bari ne.

KAFA MA'AIKATA

Daga 1911 ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Gilasgo. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya komo Nijeriya ya taɓa aikin mulki. Da aka kafa Ma'aikatar Binciken Duwatsu ta Nijeriya cikin 1919, shi aka ba shugabancinta, ya riƙe har 1927. Rahoton farko da ma'aikatar ta buga, cikin 1921, nasa ne, a kan filayen kuza na tudun Jos. Bayan barinsa ne hedkwatar ta zauna a Kaduna ta Kudu, inda hanyar jirgi ta Ikko da ta Fatakwal suka haɗu. Ma'aikatar ta ɗauki aikin haƙa rijiyoyin siminti a ƙauyukan Arewa, cikin shekarun 1950 kuma aka huda ƙasar Barno aka sami ruwa mai tunkuɗo kansa sama ba da guga ba.

Daga 1928 ya koma aiki da gwamnatin Yurugwai, a Amurka ta Kudu, ya yi shekaru yana binciken duwatsun arewa maso gabashin ƙasar. Ya mutu cikin 1947 yana da shekara 70.

ABIN DA YA HAƊA WANNAN DA GIRGIZAR ƘASA

Duwatsun da ya bincika a Yurugwai sun yi kama ƙwarai da na Afirka ta Kudu, ga kuwa teku mai faɗin dubban mil a tsakani. Cikin 1912, shekara guda bayan fitowar littafinsa, wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya kawo ra'ayin cewa da can manyan ƙasashen duniya a haɗe su ke, suka rabu. Aka yi ta musu, ba a karɓi maganar sosai ba sai cikin shekarun 1960, bayan su biyun duk sun mutu. Yanzu an tabbatar ɓawon duniya falle-falle ne, kamar tukunyar da ta tsattsage ba ta wargaje ba, kuma kowane falle yana matsawa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Gaɓar tekunmu a manne ta ke da ta Birazil. Da ƙasar ta fara tsagewa, shekara fiye da miliyan 100 da suka wuce, tsaga ɗaya ta buɗe ta zama Tekun Atilantika, ɗaya kuwa ta buɗe kaɗan ta tsaya. Wannan ta biyun ita ce kwarin Binuwai, ta nan kuma teku ta shigo ta bar katantanwar da Falconer ya tsinta.

Girgizar ƙasa mai tsanani ta fi aukuwa a bakin waɗannan fallaye, inda su ke gugar juna. Maroko tana kusa da irin wannan baki. Girgizar da ta auka wa birnin Agadir cikin 1960 ta kashe mutum fiye da 12,000. Mu kuwa muna tsakiyar falle, bisa tsohon dutsen da ya daɗe da natsuwa, shi ya sa abin ya yi mana sauƙi. Amma sauƙi ba rashi ba ne. Tsofaffin tsagogi suna nan binne, su kan motsa jifa-jifa. Cikin Yuni 1939 girgiza ta rushe gidaje ta kashe mutane a Akra ta ƙasar Gana. Cikin Satumba 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, kudancin Jihar Kaduna, bangaye suka tsage, mutane suka firgita. Cikin Satumba 2018 aka ji irinta a Mpape ta Abuja. Akwai cibiya a Toro ta Jihar Bauci mai lura da wannan motsi da na'urori. Darasin da ke ciki shi ne, mai gina makaranta ko asibiti ko madatsar ruwa ya san irin ƙasar da zai aza harsashi a kai, ya kuma yi ginin da gaskiya.

A AUNA SHI DA ADALCI

Ba za mu ɓoye ba, ba don amfanin talakan Arewa aka aiko shi ba. Gwamnatin da ta biya shi ma'adinai ta ke nema, taswirorinsa kuwa kamfanonin kuza suka fi cin moriyarsu. Gonakin mutanen tudun Jos da yawa sun zama kududdufai, sana'ar narkar da kuza ta mutanen Riruwai ta mutu, kuma daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa dubban talakawa aikin haƙar kuza saboda yaƙi. Ba shi ya yanke waɗannan shawarwari ba, amma tarihin iliminsa ba ya rabuwa da su. Duk da haka ilmi ba ya zama mallakar wanda ya fara biyan kuɗinsa. Bayanin da ya nuna wa kamfani rafin kuza, shi ne ke nuna wa ƙauye inda zai haƙa rijiya.

Abin da ya fi kamata mu ɗauka daga rayuwarsa shi ne, yawancin abin da ya gano da ido da guduma da haƙuri ya gano shi, waɗannan kuwa ba su fi ƙarfin kowa ba. Cikin Oktoba 1962 wani manomi yana gonarsa kusa da Zagami, a Lardin Katsina na lokacin, sai ya ji ƙara, wani dutse ya faɗo daga sama ya nutse a ƙasa kusa da shi. Ba a jefar da shi ba, ba a ɓoye ba, aka haƙo shi, ya bi hannun hukuma har ya isa ma'aikatar nan ta Kaduna. Nauyinsa wajen kilo 18 ne. Daga baya masana suka tabbatar ɓallin duniyar Mas ne, jan tauraron nan da mu ke hange da dare, yau kuwa sunan Zagami yana cikin littattafan masana na duniya duka.

Saboda haka muna roƙon malamai, idan an zo darasin labarin ƙasa, a fita da yara bakin rafi ko gindin dutsen garin. A tanadi akwati a aji, kowane dutse a rubuta inda aka samo shi da ranar da aka samo. Idan ana haƙa rijiya, a rubuta irin ƙasar da ta fito a kowane gaba, da zurfin da aka tad da ruwa, a ajiye a ofishin hakimi, domin wanda zai haƙa ta gaba ya amfana. Idan kuwa ƙasa ta motsa, a rubuta ranar da sa'ar da abin da ya fashe, a aika wa ma'aikata. Falconer baƙo ne, shekara biyar ya yi bisa doki ya karanta ƙasar nan. Mu da aka haifa a kanta mun fi shi lokaci, mun kuma fi shi bukatar sanin abin da ta ƙunsa.